Me ya sa rufe hanyoyin jiragen sama ya ɗauki kwanaki, buɗe su kuma ya ci shekaru?

Tambaya: Ina da ofishin sayar da tikiti a Kano, kuma yawancin masu zuwa wurina masu niyyar Umara ne da 'yan kasuwa masu sarin kaya daga Dubai da ƙasar Sin. Har yau ban gane dalilin da ya sa a lokacin korona aka rufe filayen jiragen sama cikin 'yan kwanaki amma buɗe su ya ci kusan shekara uku ba. Shin zama cikin jirgi ne yake da haɗari har haka, ko akwai wani dalili? Idan kuma wata annoba ta sake ɓullowa, Allah ya kiyaye, ta yaya ya kamata a buɗe hanya ba tare da an jefa mutane cikin haɗari ba?

Amsa: Malam, rufe filin jirgi hukunci ne da ƙasa ɗaya take yankewa ita kaɗai, kuma sa hannun minista ɗaya ya isa, amma buɗewa ba ta yiwuwa sai ƙasar da za a tashi da wadda za a sauka sun yarda da juna, sau da yawa ma har da ƙasa ta uku inda ake yada zango. Fasinjanka da zai je Sin ta Adis Ababa yana buƙatar hukumomin ƙasa uku su amince da takarda ɗaya a rana ɗaya. Bayan wannan sai a samu jirgin da aka fito da shi daga ajiya aka tabbatar da lafiyarsa, da matuƙin da lasisinsa bai tsufa ba, da otal ɗin da ma'aikatan jirgi za su kwana ba tare da an killace su mako biyu ba, da kuma fasinjojin da suka amince cewa idan sun tafi za a bar su su dawo. Na yi shekaru ina aikin tsara tashin jirage, kuma a cikin waɗannan abubuwa duka, haɗarin zama a kujerar jirgi shi ne ya fi sauƙin magancewa.

Ya kamata mu tuna girman abin da ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris 2020. Nijeriya ta rufe filayen Kano da Inugu da Fatakwal ga jiragen ƙetare ranar 21 ga watan, sannan na Legas da Abuja ranar 23. A watan Afrilu zirga-zirgar fasinja a duniya ta faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100 idan aka gwada da Afrilun 2019, kuma kusan kashi biyu cikin uku na jiragen fasinja, wato sama da 16,000, suna tsaye a ƙasa. Hukumar ICAO, wadda take kula da sufurin jiragen sama a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta cewa fasinja biliyan 1.8 ne suka yi tafiya a 2020, alhali a 2019 sun kai biliyan 4.5. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce asarar kamfanonin a wannan shekara ɗaya ta haura dala biliyan 130.

Mutane da yawa suna ɗauka kamfanin jirgi yana iyo ne cikin kuɗi, saboda tsadar tikiti. A 2019, wadda shekara ce mai albarka, ribar masana'antar gaba ɗaya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na cinikinta da wani abu mai yawa ba, wato 'yan daloli kaɗan a kan kowane fasinja. Kusan rabin jiragen duniya na haya ne, kuma mai jirgi yana karɓar kuɗinsa da dala kowane wata ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba. Haka inshora, haka bashin banki, haka albashin injiniyoyi. Ga kuma kuɗin tikitin da aka riga aka karɓa aka kashe, wanda fasinjoji suka taso gaba ɗaya suna neman a mayar musu, abin da na san ka gani da idonka a ofishinka. Shi ya sa cikin wata huɗu kacal Flybe ta Ingila ta durƙushe, Virgin Australia da Air Mauritius suka miƙa kansu ga masu kula da kamfanin da bashi ya ci, Avianca da LATAM da Aeromexico na Latin Amurka suka nemi kariyar kotu daga masu bin su bashi. Waɗanda suka tsira, yawancinsu gwamnati ce ta tallafe su: Jamus ta ware wa Lufthansa yuro biliyan 9, Faransa ta ba Air France yuro biliyan 7, Amurka kuwa ta kashe dala biliyan 54 a zagaye uku domin biyan albashin ma'aikatan kamfanoninta. A Afirka gwamnatoci ba su da irin wannan aljihu. Ethiopian Airlines ta bi wata hanya dabam, ta cire kujerun jirage 25 ta mayar da su na dakon kaya, a daidai lokacin da kuɗin ɗauko kaya ya yi tashin gwauron zabo, domin kusan rabin kayan da ake aikawa ta sama a cikin tumbin jiragen fasinja suke tafiya, waɗannan kuwa duk suna ƙasa. Air Namibia ba ta yi sa'a ba, an rufe ta a farkon 2021.

Yanzu mu zo ga tambayarka ta zama cikin jirgi. Iskar da ke cikin manyan jirage na zamani ana sauya ta baki ɗaya duk minti biyu zuwa uku. Kusan rabinta sabuwa ce daga waje, sauran rabin kuma ana tace shi da matatar da ake kira HEPA, irin ta ɗakin tiyata, wadda take kame kashi 99.97 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. Iskar tana saukowa ne daga sama ta fita ta ƙasa kusa da ƙafa, ba ta bin tsawon jirgi daga gaba zuwa baya. Saboda haka mutumin da ke zaune layi ashirin nesa da mai tari ya fi wanda ke cikin motar haya mai rufaffen gilashi samun kariya. Sai dai matatar ba ta tare abin da ya fito daga bakin maƙwabcinka ya iso hancinka kafin ya kai gare ta. A farkon Maris 2020 wata mata mai ciwon maƙogwaro da tari ta shiga jirgin Vietnam Airlines daga Landan zuwa Hanoi, tafiyar sa'a goma, kuma masu bincike sun gano cewa da alama mutum 15 suka kamu ta dalilinta, 12 daga cikinsu a sashen manya inda ta zauna. A lokacin ba a tilasta sa takunkumin fuska ba. Bayan da aka tilasta shi, irin wannan yaɗuwa mai yawa a jirgi ɗaya ta ragu ƙwarai.

A ganina wuraren da suka fi haɗari su ne waɗanda fasinja ba ya tsoro: layin awon kaya, motar da ke kai mutane gindin jirgi a cunkushe, da mintunan nan da kowa yake miƙewa tsaye bayan sauka yana jiran a buɗe ƙofa, a lokacin da wataƙila an rage ƙarfin iska. An yi ta muhawara kan barin kujerar tsakiya babu kowa, har kamfanin Delta na Amurka ya yi haka zuwa ƙarshen Afrilun 2021. IATA ta yi lissafi cewa barin ta zai sa jirgi ba zai cika fiye da kashi 62 cikin 100 ba, alhali sai ya kai wajen kashi 77 kafin kamfani ya mayar da kuɗin da ya kashe. Ko dai tikiti ya ƙara tsada sosai, ko kamfani ya riƙa tashi da asara.

Abin da gwamnatoci suke tsoro na gaskiya shi ne mutumin da zai sauko daga jirgi lafiya ƙalau ya shiga gari ɗauke da cutar bai sani ba. A nan ne dabarar da aka gada daga zamanin Ebola ta gaza. Lokacin da wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da Ebola Legas ranar 20 ga Yuli 2014, a galabaice ya sauko, kuma ita Ebola ba ta yaɗuwa sai alamunta sun bayyana, don haka auna zafin jiki da bin sawun waɗanda suka taɓa majinyaci suna da ma'ana, har aka ayyana Nijeriya ta rabu da cutar a watan Oktoba na shekarar. Korona kuwa tana yaɗuwa kwana ɗaya ko biyu kafin mutum ya ji komai, wasu ma ba sa jin komai har su warke. Na'urar auna zafi da aka riƙa ɗora wa mutane a goshi ta kwantar da hankali, amma kaɗan ta kama.

Sai aka koma ga gwaji. Lokacin da Nijeriya ta buɗe Legas da Abuja ranar 5 ga Satumba 2020, bayan ɗage ranar daga 29 ga Agusta, sharaɗin shi ne matafiyi ya zo da gwajin PCR, wato gwajin korona na ɗakin bincike, da aka yi cikin sa'a 96 kafin tashi, ya yi rajista a shafin gwamnati na intanet, ya biya kuɗin gwaji na biyu, ya keɓe kansa kwana bakwai sannan a sake gwada shi. An kuma taƙaita masu shigowa zuwa 1,280 a rana a kowane fili. Filin Malam Aminu Kano bai dawo da jiragen ƙetare ba sai a Afrilun 2021, abin da ya tilasta wa abokan cinikinka bin ta Abuja ko Legas na tsawon watanni. A kimiyyance tsarin gwaji biyu yana da hujja, domin wanda ya kamu jiya gwajin yau ba zai nuna shi ba, na rana ta bakwai ne zai kama shi. A aikace kuwa mutane da yawa sun biya kuɗi ba su koma gwajin ba, har a farkon 2021 gwamnati ta wallafa lambobin fasfo 100 na waɗanda suka ƙi zuwa ta hana su tafiya wata shida. Gana, wadda ta buɗe filin Kotoka ranar 1 ga Satumba 2020, ta zaɓi gwaji a wurin sauka a kan dala 150, kuɗin da ya sa ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Akara da Legas ya ga gwaje-gwajen zuwa da dawowa sun kusa cin kuɗin tikitinsa. Daga baya ne shugabannin ECOWAS suka amince kada kuɗin ya wuce dala 50 ga 'yan yankin. Duk inda takarda ta yi tsada kuma ta zama dole, ta jabu za ta fito. A Nuwamban 2020 'yan sandan Faransa sun kama mutum bakwai a filin Charles de Gaulle na Faris suna sayar da sakamakon gwaji na ƙarya, kuma irin wannan ya faru a ƙasashe da dama, abin da ya ƙara wa hukumomi rashin yarda da takardun juna.

Wannan rashin yarda shi ne zuciyar matsalar. A watan Yunin 2020 ICAO ta fitar da jagora ɗaya domin duk ƙasashe su bi, amma shawara ce kawai, ba ta da ikon tilasta wa kowa, kuma hukuncin kan iyaka ya koma hannun ma'aikatun lafiya da fadojin shugabanni, waɗanda abin da ke gabansu shi ne adadin gadajen asibiti na cikin gida. Wata ƙasa ta ce sa'a 96, wata 72, wata 48. Wata tana ƙirga sa'o'in daga lokacin ɗaukar samfur, wata daga lokacin fitowar sakamako. Wata zuwa lokacin tashi, wata zuwa lokacin sauka. Ina tuna wani dare da sanarwa ta iso mana cewa ƙasar da za mu sauka ta rage wa'adin gwaji, alhali wasu fasinjojinmu sun riga sun taso daga garuruwansu suna zaune a ɗakin jira na filin da ake yada zango. Takardar da ke da inganci lokacin da suka baro gida ta mutu a hannunsu suna zaune. Dokar sufuri ta ɗora wa kamfani tarar kawo fasinjan da ba shi da cikakkun takardu da kuma nauyin mayar da shi, don haka ma'aikacin da ke teburin awo, wanda aka horar domin duba biza da auna jaka, ya wayi gari shi ne mai tantance sakamakon ɗakin gwaji cikin harsunan da bai iya karantawa ba.

Hanyar Dubai da ta shafe ka ta nuna yadda batun lafiya yake rikiɗewa ya zama na martabar ƙasa. A farkon 2021 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta buƙaci masu tasowa daga Nijeriya su ƙara gwajin gaggawa 'yan sa'o'i kafin tashi a kan na PCR, Nijeriya ta ce ba ta yarda a ware 'yan ƙasarta da sharaɗi na musamman ba, sai jiragen Emirates suka daina ɗaukar fasinja daga nan mafi yawan shekarar. Da aka sasanta wannan a watan Disamba, sai rikicin gurbin sauka na Air Peace a Sharja ya taso, ana wata ga wata. Tun a Satumban 2020 ma Nijeriya ta hana Air France da KLM da Lufthansa dawowa da farko, bisa hujjar cewa ƙasashensu ba sa barin 'yan Nijeriya masu bizar yawon buɗe ido su shiga. Sin kuwa ta taƙaita kowane kamfanin ƙetare zuwa tashi ɗaya a mako, ta kuma kafa dokar dakatar da hanyar kamfani idan aka samu fasinja biyar masu cutar a jirgi ɗaya, kuma ba ta cire killace masu shigowa ba sai ranar 8 ga Janairu 2023. Wannan rana ita ce ƙarshen shekara ukun da kake ƙirgawa.

Da allurar rigakafi ta fito mun zaci an samu mafita, tunda duniya ta daɗe da sanin katin rigakafin zazzaɓin shawara, katin nan rawaya da kowane matafiyi daga yankinmu yake ɗauka, wanda dokokin lafiya na duniya suka amince da shi a ko'ina. Ba a samu irinsa ga korona ba. Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidar korona da ake ɗauka a wayar hannu ranar 1 ga Yuli 2021, kuma ta yi aiki sosai a tsakanin ƙasashenta, amma da farko ba ta haɗa da allurar AstraZeneca da aka sarrafa a Indiya ba, wadda ita ce shirin COVAX na raba allurar ga ƙasashen duniya ya fara kawowa Gana ranar 24 ga Fabrairu 2021 da Nijeriya ranar 2 ga Maris. Birtaniya ma ba ta fara karɓar shaidar allurar da aka yi a Nijeriya da Gana ba sai a watan Oktoba na shekarar. Wato magani ɗaya ne, amma darajarsa ta dogara da ƙasar da aka tsira wa mutum allurar.

Abin da ya faru da nau'in Omikron shi ne, a hukuncina, kuskure mafi muni a cikin wannan al'amari duka. Masanan Afirka ta Kudu sun gano nau'in suka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga Nuwamba 2021, kuma cikin kwana biyu ƙasashe da dama sun rufe wa kudancin Afirka ƙofa. Daga baya Holan ta gano nau'in a samfuran da aka ɗauka a ƙasarta tun 19 da 23 ga Nuwamba, kafin sanarwar. Birtaniya ta saka Nijeriya a jerin ƙasashen da ta haramta daga 6 ga Disamba, inda mai dawowa zai biya fam 2,285 na killacewar kwana goma a otal, sannan ranar 15 ga watan ta soke jerin gaba ɗaya saboda nau'in ya riga ya bazu a cikin gida. Kwana tara ke nan, a tsakiyar lokacin da aka fi tafiya a shekara. Saudiyya ma ta dakatar da jirage daga Nijeriya a wannan wata. Ban da asarar kuɗi, an koya wa kowace ƙasa cewa sakamakon faɗin gaskiya da wuri shi ne a rufe mata hanya, kuma wannan darasi zai iya sa a ɓoye annoba ta gaba.

Ba ina cewa rufe kan iyaka ba ya amfani ko kaɗan ba ne. Ya amfani Niyu Zilan da Ostareliya, tsibirai masu ƙofofi kaɗan waɗanda suka rufe da wuri, suka killace kowa a otal, suka sayi lokaci har allura ta iso. Yana amfani idan cutar ba ta riga ta shigo ba kuma akwai abin da za a yi da lokacin da aka saya. Amma ko su ɗin, hanyar da suka buɗe tsakaninsu ba tare da killacewa ba ranar 19 ga Afrilu 2021 an dakatar da ita a watan Yuli, irinta kuma tsakanin Singafo da Hon Kon an ɗage ta kwana ɗaya kafin jirgin farko a Nuwamban 2020, aka sake ɗagewa a Mayun 2021, a ƙarshe aka watsar.

Akwai wani ɓangare na kiyaye rayuka wanda fasinja ba ya gani, kuma shi ne ya fi hana mu barci. Jirgi ba a yi shi don ya tsaya ba. Idan ya daɗe a ƙasa taya takan lotsa, batir ya mutu, ruwa ya taru a tankin mai har ƙwayoyin halitta su tsiro su toshe matata, tsatsa ta kama sassan inji. A jikin hancin jirgi akwai wasu siraran bututu da suke auna gudunsa, kuma zanzaro ba ya samun wurin gina gidan laka da ya fi su. A watan Fabrairun 1996 jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, kuma masu bincike sun fi kyautata zaton gidan ƙwaro ne ya toshe bututun bayan jirgin ya yi kimanin kwana ashirin a tsaye ba a rufe shi ba. Ka ƙiyasta jirage dubbai da suka yi watanni. Hukumar kiyaye haɗarin jirage ta Turai ta yi gargaɗi kan ƙaruwar rahotannin ma'aunin gudu da ke ba da lamba ta ƙarya a tashin farko bayan ajiya, a watan Yulin 2020 kuma hukumar Amurka ta ba da umarnin gaggawa a duba kimanin jirage 2,000 ƙirar Boeing 737, saboda wani bawul da tsatsa kan sa ya maƙale idan jirgi ya yi mako guda bai tashi ba, abin da zai iya kashe inji a sama.

Hannun matuƙi ma yana tsatsa. Doka ta ce sai ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja, ko a jirgi ko a na'urar kwaikwayon tuƙi. Matuƙan yawancin kamfanonin Afirka ta Yamma sai sun je ƙetare suke samun wannan na'ura, ƙetaren kuwa a rufe yake, don haka hukumomi suka riƙa tsawaita wa'adin lasisi na wucin gadi. Ranar 22 ga Mayu 2020, kwanaki kaɗan bayan Pakistan ta dawo da jiragen cikin gida kuma ana shirin Ƙaramar Salla, jirgin PIA ƙirar A320 daga Lahor ya tunkari Karachi da tsayi da gudu fiye da ƙima, ya goga injinansa a titin sauka ba tare da tayoyi sun fito ba, ya sake tashi, injinan suka mutu, ya faɗa unguwa. Mutum 97 daga cikin 99 da ke ciki suka rasu, kuma ministan sufurin jiragen sama na ƙasar ya shaida wa majalisa cewa hirar korona ta ɗauke hankalin matuƙan.

Ma'aikatan ƙasa kuwa, masu lodin kaya da masu binciken tsaro, an sallame su da yawa sun kama wasu sana'o'i, kuma ɗaukar sabo yana cin watanni saboda binciken asali. Da Turai ta buɗe a bazarar 2022, filin Heathrow na Landan sai da ya ƙayyade masu tashi zuwa 100,000 a rana, a Schiphol na Amsterdam kuma layi ya riƙa fitowa har waje.

Idan kana neman misalin buɗewa daki-daki, wanda ka sani ya fi kowane. Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi tun ranar 27 ga Fabrairu 2020, kafin ma ta samu mai cutar na farko a ƙasarta. Ta dawo da ita ranar 4 ga Oktoba da mutum 6,000 a rana daga mazauna ƙasar, ta ƙara zuwa 15,000 ranar 18 ga watan, sannan ta fara karɓar baƙi ranar 1 ga Nuwamba, kuma ta sanar da matakan da ranakunsu gaba ɗaya tun kafin a fara, kowa da izininsa a manhajar waya. Wannan shi ne abin da kamfanin jirgi yake so, domin yana iya tsara jirgi da ma'aikata a kan rana sananniya. Hajji kuma daga alhazai kusan miliyan 2.5 a 2019 ya koma ƙasa da 10,000 a 2020, sai 60,000 a 2021, duk mazauna ƙasar. A 2022 aka amince da miliyan ɗaya 'yan ƙasa da shekara 65 masu allura da gwaji, Nijeriya ta samu kujera 43,008 maimakon 95,000 da ta saba. Amma sanarwar ta zo a watan Afrilu, wata uku kacal kafin Arfa, a lokacin da jiragen haya suka yi ƙaranci a duniya, aka yi jigilar cikin gaggawa, kuma ɗaruruwan maniyyata daga Kano ba su samu tafiya ba. Ƙasa ɗaya ce da cuta ɗaya. Bambancin da ke tsakanin buɗewar biyu shi ne tsawon lokacin shiri da aka bayar.

Cutar ta lafa amma wahalar kamfanonin ba ta ƙare ba. Yaƙin Yukiren ya rufe sararin Rasha ga jiragen Turai ya kuma ɗaga farashin mai, har a Nijeriya litar man jirgi ta tashi daga wajen naira 190 zuwa 700, kamfanonin cikin gida suka yi barazanar tsayar da aiki a Mayun 2022. Ƙarancin dala ya sa kuɗin kamfanonin ƙetare da suka maƙale a Nijeriya ya haura dala miliyan 800 a 2023, dalilin da ya sa suka rufe tikiti masu araha a kasuwarmu, Emirates kuma ta janye a ƙarshen Oktoban 2022 ba ta dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. A 2024 ne zirga-zirgar fasinja ta duniya ta haura ta 2019.

Idan wata annoba ta zo, abin da zan ba da shawara shi ne a ɗaure kowane mataki da ma'auni sananne wanda aka wallafa, yadda ƙasa za ta san abin da zai sa a tsaurara mata da abin da zai sa a sassauta, kuma kowace doka ta zo da ranar sake duba ta. Kada sabon sharaɗi ya fara aiki sai an ba da aƙalla kwana biyu ko uku, domin wanda yake kan hanya ya isa. Gwaji mai araha kusa da lokacin tashi ya fi mai tsada da aka yi kwana huɗu baya, kuma gara gwaji da killace kowa, domin babu ɗan kasuwar da zai yi tafiyar kwana biyar ya zauna mako biyu a ɗaki. A cire ma'aikatan jirgi da jiragen kaya daga dokar rufe hanya tun ranar farko, tunda su ne masu kawo magani da allura. Ƙasar da ta sanar da sabuwar cuta a kai mata kayan gwaji da taimako. Takarda kuma ta zama ɗaya wadda kowa zai iya tantancewa, kuma a nan an ɗan ci gaba, domin a watan Yunin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi tsarin takardar Tarayyar Turai domin gina na duniya a kansa.

A ofishinka kuwa, ka riƙa yanka wa mai yada zango tikiti ɗaya daga Kano har inda zai sauka, domin idan doka ta sauya yana tsakiyar hanya, nauyin sauya masa jirgi yana kan kamfani, amma mai tikiti biyu a rabe shi zai ɗauki asararsa. Ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin ka sayar da tikiti mai araha, ka bambance wa fasinja tsakanin mayar da tsabar kuɗi da takardar alkawarin tafiya nan gaba. Sharuɗɗan shiga ƙasa kuma ka duba su a tsarin Timatic na IATA, wanda shi ne ma'aikacin teburin awo yake dubawa, sau ɗaya ranar yankan tikiti, sau ɗaya kuma ana gobe tafiya.